Awo Kafin Magani: Sabbin Bincike kan Zubar Jini Bayan Haihuwa da Inda Suka Bar Matan Ƙasar Hausa

Tsakure

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a duniya. Wannan takarda ta bi diddigin manyan gwaje-gwajen asibiti da aka wallafa a kansa daga 2017 zuwa 2025, musamman waɗanda aka yi da matan Najeriya da Nijar, wato WOMAN da CHAMPION da E-MOTIVE da WOMAN-2 da IVON, tare da shirin da Jamhuriyar Nijar ta gudanar a faɗin ƙasarta. Matsayar takardar ita ce, babbar nasarar da aka samu a 'yan shekarun nan ta fito ne daga auna jinin da ke zuba da kuma gaggauta ba da magungunan da tuni ake da su. Sai dai an gwada wannan nasara ne a asibiti, alhali mafi yawan matan Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa. Saboda haka takardar ta yi kira da a mayar da hankalin bincike kan yadda awo zai shiga ɗakin mai jego.

Gabatarwa



Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a watan Afrilun 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya sanadiyyar ciki ko haihuwa. Daga cikinsu kimanin 75,000 'yan Najeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya a ƙasa guda. A lissafin hukumar, cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya ana rasa uwa 993. Muradun ci gaba mai ɗorewa da ƙasashen duniya suka sa wa hannu sun ce a sauko da wannan adadi a duniya baki ɗaya zuwa ƙasa da 70 kafin shekarar 2030. Duk wanda ya kwatanta 993 da 70 ya san akwai jan aiki.

Zubar jini bayan haihuwa yana samun mata kusan miliyan 14 a kowace shekara, ya kuma kashe kusan 45,000 a shekarar 2023 kaɗai. Na zaɓi in tsaya a kansa ne saboda, a cikin masu kashe mata wajen haihuwa, shi ne wanda muka fi sanin maganinsa, kuma maganin ba shi da tsada. Mutuwar da aka san maganinta ta fi ciwo, ta kuma fi cancantar a tambayi dalilinta.

Yadda jinin ke zuba da dalilin da ido ke yaudara

Idan ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Da jariri ya faɗo, mabiyiya ta ɓamɓaro daga jikin mahaifa, sai ta bar bakin jijiyoyin jini a buɗe. Abin da ke rufe su shi ne naman mahaifar kansa: yana tsukewa ya yi tauri, ya damƙe jijiyoyin kamar yadda ake damƙe bakin salka. Idan mahaifa ta gaji ta saki jiki, kamar bayan doguwar naƙuda ko haihuwar tagwaye ko yawan haihuwa kusa da kusa, jijiyoyin nan suna nan a buɗe, jini yana ta tafiya. Wannan sakin mahaifa shi ke jawo kusan bakwai cikin goma na zubar jinin. Sauran sukan zo daga yagewar gaba ko bakin mahaifa, ko guntun mabiyiya da ya maƙale, ko kuma jinin da ya kasa daskarewa. Mace mai ƙoshin lafiya tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu idan ba a tsayar da shi ba.

Shekara da shekaru ma'anar zubar jini bayan haihuwa a littattafan likitanci ita ce asarar mililita 500 ko fiye cikin sa'o'i 24. Matsalar ita ce wa ke aunawa. A yawancin ɗakunan haihuwa ungozoma da ido take kintata. Jinin kuwa ba wuri ɗaya yake taruwa ba. Wani ya jiƙe zani, wani ya shige katifa, wani ya gangara ƙasa ya gauraya da ruwan faya, wani an riga an goge da tsumma. Bincike da dama sun tabbatar da cewa kintacen ido yana rage yawan jinin, kuma raguwar tana ƙaruwa ne daidai lokacin da jinin ya fi yawa. Ga kuma jikin mace mai ƙuruciya da ke jurewa. Tana magana, tana tambayar namiji ne ko mace, awon hawan jininta bai nuna komai ba, alhali ta riga ta yi asara mai yawa. Kafin a ga gumi ya karyo mata, idonta ya fara juyawa, lokaci ya ƙure.

Magungunan da muke da su

Oksitosin ita ce allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, kuma ita ce zaɓin farko har yau. Rauninta shi ne zafi. Ana so a ajiye ta a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya san zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ya kuma san halin wutar lantarki a ƙananan asibitocinmu, zai gane inda gizo ke saƙar. Wani nazarin ingancin magunguna da aka wallafa a 2018, wanda aka tattara samfura daga sassan Najeriya, ya gano cewa kusan kashi uku bisa huɗu na allurar oksitosin da aka gwada ba su cika ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Shi ya sa za ka ji ungozomomi suna cewa sai sun ninka allurar kafin ta yi aiki.

Gwajin CHAMPION, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta aka kuma wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2018, ya zo ne don toshe wannan ɓaraka. An gwada wata allurar tsuke mahaifa, kabetosin mai jure zafi, a kan mata 29,645 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Adadin matan da suka zubar da mililita 500 ko suka buƙaci ƙarin magani ya zo kusan daidai, kashi 14.5 cikin 100 ga kabetosin, 14.4 ga oksitosin mai kyau da aka adana a sanyi. Ke nan an samu allurar rigakafi da ba ta buƙatar firji. A lura dai rigakafi ce, ba a amince a yi amfani da ita wajen tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle ba.

Wani maganin kuma shi ne tiranegzamik asid, wanda aikinsa shi ne hana gudan jinin da ya daskare narkewa. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Utako Okamoto da mijinta Shosuke, su suka bayyana shi a 1962. Burin Utako tun farko shi ne a ceci mata masu haihuwa da shi, amma ba ta samu likitocin mata da za su yi gwajin ba. Ta rasu a watan Afrilun 2016, shekara guda kafin a wallafa sakamakon gwajin WOMAN a mujallar Lancet. A wannan gwaji, wanda makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ta shirya, an sa mata 20,060 daga ƙasashe 21, kuma matan Najeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa. Mutuwa saboda zubar jini ta kasance kashi 1.5 cikin 100 ga waɗanda aka ba maganin, 1.9 ga waɗanda ba a ba su ba. Amma da aka ware waɗanda suka samu allurar cikin sa'o'i uku da haihuwa, raguwar mutuwar ta kai kusan kashi ɗaya bisa uku. Wani nazari da ya biyo baya a 2018 ya nuna cewa kowane jinkirin minti 15 yana cinye kashi 10 cikin 100 na amfanin maganin, kuma bayan sa'o'i uku ba ya tsinana komai.

Wannan lissafi na minti 15 shi ne mabuɗin duk abin da zan faɗa a gaba. Magani yana cikin kabad, amma ƙarfinsa yana tsiyayewa da agogo, agogon kuma ba ya fara bugawa a kan ungozoma sai ta gane cewa jinin ya wuce kima.

Gwajin E-MOTIVE

A watan Mayun 2023 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta ƙarƙashin Farfesa Arri Coomarasamy tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. An yi shi a asibitoci 80 masu matsakaicin girma a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya kuma ƙunshi mata 210,132 da suka haihu da kansu ba tare da tiyata ba. Najeriya ce ta fi yawan asibitoci a ciki, kuma Farfesa Hadiza Shehu Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ina jaddada wannan domin ɗalibanmu su sani cewa wannan ilimi ba daga nesa aka aiko mana shi ba, da hannun ungozomominmu aka samar da shi.

Babu sabon magani ko ɗaya a cikin gwajin. Abu na farko da aka kawo leda ce. Ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, a ɗaure ta a ƙugunta, ƙasan ledar kuma aljihu ne mai tsini da ke lilo a bakin gado, an yi masa zane-zanen awo. Duk jinin da ya fito nan yake taruwa. Ungozoma tana duba layin lokaci zuwa lokaci a sa'ar farko, tana taɓa mahaifa, tana auna bugun zuciya da hawan jini. Idan jini ya kai layin 500, ko ya kai layin 300 tare da wata alamar hatsari kamar saurin bugun zuciya ko faɗuwar hawan jini, ba a jiran kowa.

Abu na biyu shi ne yadda ake ba da maganin. A da, al'adar asibiti ita ce bi-da-bi: a murza mahaifa a jira a gani, a yi oksitosin a jira a gani, idan abin ya ƙi a aika a kira likita, shi kuma ya rubuta tiranegzamik asid, dangi su ruga kantin magani. Kowane mataki yana cin mintuna. A sabon tsarin duka ake haɗawa a lokaci guda, cikin kusan minti 15: murza mahaifa, allurar tsuke mahaifa, tiranegzamik asid, ƙarin ruwa ta jijiya, duba gaba da mabiyiya don gano inda jinin ke fitowa, sannan a ɗaga maganar zuwa sama idan bai tsaya ba. Don hakan ta yiwu, an tanadi keken turawa ko akwati da aka zuba komai a ciki a ɗakin haihuwa, ana duba shi a cike gibinsa kullum. An horar da ma'aikata ta hanyar atisaye a wurin aikinsu. An naɗa jagorori daga cikinsu, ana kuma dawo musu da alƙaluman aikinsu su ga inda suka gyara da inda suka yi sake. Sannan aka ba ungozoma ikon fara dukan matakan da kanta.

Tsarin gwajin ya ba sakamakon ƙarfi. Asibitoci aka raba ta hanyar ƙuri'a, ba mata ɗai-ɗai ba. A asibitocin da suka ci gaba da aikinsu na yau da kullum ma an shimfiɗa leda, amma marar zanen awo, daga baya masu bincike su ɗora ta a sikeli. Da haka aka san haƙiƙanin jinin da kowace mace ta zubar, aka kuma san ko ma'aikata sun gane ko ba su gane ba.

Ga abin da aka samu. A asibitocin da ake kintace da ido, kashi 51.1 cikin 100 kawai na matan da suka zubar da jini aka gane. Wato kusan rabinsu sun zubar da fiye da rabin lita a gaban ma'aikata, ba wanda ya farga. A asibitocin da ke da leda mai awo an gane kashi 93.1. Ba da cikakken haɗin magani ya tashi daga kashi 19.4 zuwa 91.2. Babban ma'aunin gwajin kuwa, wanda ya haɗa asarar jini mai tsanani ta lita ɗaya ko fiye, da buɗe ciki saboda jini, da mutuwa saboda jini, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6. Raguwar kashi 60 cikin 100 ke nan. A fagen lafiyar mata masu juna biyu ba kasafai ake ganin tasiri mai wannan girma ba. Nazarin kuɗi da aka wallafa a mujallar Nature Medicine a 2024 ya ƙiyasta ƙarin abin da tsarin ke ci a kan kowace mace da kimanin senti 30 na dalar Amurka.

Ni a ganina, adadin da ya fi cancantar a yi ta maimaitawa shi ne 51.1 ɗin nan, domin shi ne ya wanke ungozoma daga zargin da aka daɗe ana yi mata. Mun sha cewa sakaci ne ko rashin imani. Gwajin ya nuna cewa ma'aikaciyar nan, a ɗakin nan, da ƙarancin abokan aikin nan, da aka ba ta layin da za ta duba da ikon yanke hukunci, ta gane tara cikin goma. Mace ɗaya mai aikin dare tana kula da masu naƙuda uku ko huɗu ba ta da lokacin tsayawa tana nazarin zani. Layi kuwa kallo ɗaya yake buƙata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɓata lokaci ba. A Disambar 2023 ta ba da shawarar a riƙa auna jini da ma'auni, a kuma ba da magani a haɗe. A Oktoban 2025, a taron likitocin mata na duniya da aka yi a birnin Cape Town, hukumar tare da ƙungiyar likitocin mata ta duniya da ta ungozomomi suka fitar da sabuwar ƙa'ida: a fara magani idan jini ya kai mililita 500, ko kuma 300 idan akwai alamar hatsari a jikin mace.

Iyakar abin da gwajin ya nuna

Wajibi ne a faɗi iyakarsa. Mafi yawan raguwar da aka gani ta fito ne daga raguwar zubar jini mai tsanani. Mace-mace sun fi ƙaranci a asibitocin da suka bi sabon tsari, amma adadinsu bai kai yawan da za a yanke hukunci a kansa shi kaɗai ba. Gwajin bai haɗa da masu haihuwa ta tiyata ba. Ba a kuma yi shi a ƙananan cibiyoyin lafiya na matakin farko ba, inda sau da yawa ma'aikacin lafiyar al'umma ne ke karɓar haihuwa. Sannan a lokacin gwaji akwai mai biyan kuɗin leda da magani, akwai mai zuwa duba akwati. Bayan an tattara kayan bincike, wa zai sayi ledar? Idan aka mayar da ita cikin jerin kayan haihuwa da ake rubuta wa miji ya sayo, tare da safar hannu da audugar mata da sabulu, to matar talaka ce za ta fara rasa ta, ita ce kuma ta fi buƙatarta.

Macen da ta zo da ƙarancin jini

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu suna da ƙarancin jini. Dalilan sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, tsutsar ciki, amosanin jini, da ciki a kan ciki ba hutu. Ga irin wannan mace, rabin lita da wata za ta jure ya isa ya kai ta ƙasa.

Gwajin WOMAN-2 ya nemi sanin ko ba irin waɗannan mata tiranegzamik asid tun kafin jini ya ɓalle zai zama rigakafi. An sa mata 15,068 masu matsakaici ko matsanancin ƙarancin jini a Najeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya, ana yi musu allurar cikin minti 15 da ɗaure cibiya. Sakamakon da ya fito a Lancet a 2024 ya nuna bai rage zubar jinin ba: kashi 7.0 cikin 100 ga masu magani, 6.6 ga marasa shi. Sakamako ne da bai yi daɗi ba, amma yana da amfani, domin ya hana a kashe kuɗi inda babu riba. Abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito ne daga bayanan matan gwajin: zubar jini ya samu kashi 6.2 na masu matsakaicin ƙarancin jini, amma ya samu kashi 11.2 na masu matsananci. Ƙarancin jini ke nan ba ya tsaya ga raunana mace kawai, yana ƙara yiwuwar jinin ya zuba tun asali.

Gwajin IVON, wanda Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranta a asibitocin Legas da Kano a kan mata 1,056, ya kwatanta ba da sinadarin ƙarfe ta jijiya sau ɗaya da shan ƙwayoyi kullum. Idan aka haɗa matan duka, bambancin ƙarancin jini a mako na 36 bai taka kara ya karya ba. Amma ga waɗanda ƙarancin ƙarfe ne ainihin matsalarsu, na jijiya ya fi aiki. Darasin a nan shi ne a riƙa auna jinin mai ciki a wajen awo, a kuma nemi dalilin ƙarancinsa, maimakon a miƙa wa kowa ƙwayoyi iri ɗaya a sallame ta.

Ɗakin da ledar ba ta shiga ba

Duk abin da na ambata zuwa yanzu a asibiti ya faru. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16 ne. Wato a lokacin, cikin kowace haihuwa shida a wannan yanki, biyar a gida ake yin su. Komai kyan E-MOTIVE, iyakarsa ƙofar asibiti.

Mu duba yadda haihuwar gida take. Sau da yawa mace ita kaɗai take durƙusawa a ɗakinta, ko da uwa ko uwar miji a kusa, musamman mai haihuwar fari da kunya ke hana ta ko da nishi mai ƙarfi. Ungozomar gargajiya kan iso ne bayan jariri ya faɗo, aikinta yanke cibiya da jiran mabiyiya da wankan jariri da na uwa. Hankalin kowa yana kan jariri da fitar mabiyiya. Da ta faɗo sai a ce ta sauka lafiya, a fara barka, a ɗora ruwan wanka. Sa'ar da ta fi kowace hatsari a rayuwar wannan mace ita ce sa'ar da kowa ya saki jiki. Ga kuma fahimtar da ta zauna a zukata cewa jinin biƙi datti ne, fitarsa lafiya ce, zamansa a ciki shi ke kawo ciwo. Wannan fahimta tana da tushe, domin lalle akwai jinin da dole ya fita. Abin da ta rasa shi ne iyaka. Tsohuwar da ke cewa a bar shi ya fita ba mugunta take yi ba, ba ta da layin 500 ne, kamar yadda ungozomar asibiti ba ta da shi kafin 2023.

An taɓa gwada ba ta wannan layi, kuma a ƙasar Hausa aka yi. A 2009 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Dakta Clara Ejembi, tare da Ndola Prata ta Jami'ar Kalifoniya, sun yi aiki a wasu garuruwa na kewayen Zariya. Sun raba ƙwayoyin misoforostol ta hannun amintattun mutanen gari, magani ne na sha mai tsuke mahaifa wanda ba ya buƙatar firji ko allura, kuma Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi masa rajista don zubar jinin haihuwa a 2006. Wajen bayyana yawan jinin da ya zama hatsari kuwa, sai aka ɗauki moɗa, wadda ke kan randar kowane gida, mai cin kimanin rabin lita. Saƙon ya zama mai sauƙi: jini ya cika moɗa, a nemi mota. Mafi yawan matan da suka haihu a gida a waɗannan garuruwa sun sha maganin. A yankin Kigoma na Tanzaniya an yi makamancin haka da zanen da matan can ke ɗaurawa, aka nuna cewa guda biyu da suka jiƙe sharkaf sun haura rabin lita.

Nijar ta ɗauki wata hanyar. Daga 2015 zuwa 2020 ta aiwatar da tsari mai hawa uku a cibiyoyin lafiya na faɗin ƙasar: misoforostol da farko, idan jini bai tsaya ba a saka kororon roba a mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin, idan mace ta fara suma a naɗe ta da rigar matse jiki da ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda ake tiyata da ƙarin jini. Rahoton da Anders Seim da Zeidou Alassoum da abokan aikinsu suka wallafa a Lancet Global Health a 2023, wanda ya ƙunshi haihuwa fiye da miliyan ɗaya, ya nuna mutuwa saboda zubar jini a cibiyoyin ta ragu da fiye da rabi. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, kwatancen kafin da bayan ne, don haka hujjarsa ba ta kai ta E-MOTIVE ƙarfi ba. Duk da haka ya nuna cewa ƙasa mai ƙaramin ƙarfi tana iya kai tsari ɗaya har ƙauye ta kuma riƙe shi shekaru.

A nan nake ganin aikin jami'o'inmu yake. Jinin haihuwar gida a zani da tsumma yake tafiya, ba a moɗa ba, don haka ana buƙatar a auna a ɗakin gwaji nawa falle ɗaya na atamfa ke sha kafin ya jiƙe, a fitar da ma'aunin da kowace tsohuwa za ta gane, sannan a gwada shi ta hanyar ƙuri'a tsakanin garuruwa, haɗe da misoforostol da lambar direban da za a kira. Tsarin jigilar gaggawa da direbobin tasha ke yi wa masu naƙuda ya riga ya kafu a wasu jihohin Arewa, sai dai a ɗaura a kansa. Wurin isar da saƙon ma muna da shi. A makarantun Islamiyya na matan aure ana karanta babin jinin biƙi, ana koyar da kwanakinsa da hukuncin salla da azumi a cikinsa. Malamar da ke wannan darasi tana gaban matan da asibiti ba ya gani. Idan aka zauna da ita da malamanmu aka ƙara mata bayani guda kan yawan jinin da ke wajabta neman taimako a sa'ar farko, za a iya auna tasirin hakan kamar yadda aka auna na leda.

Ga ma'aikatun lafiya na jihohi kuwa, abin da ke gabansu ba ya jiran wani sabon bincike. Ledar awo da tiranegzamik asid da kabetosin su shiga jerin kayan da gwamnati ke saya ta kuma raba kyauta a ɗakin haihuwa, a rubuta a ƙa'idar aiki cewa ungozoma tana da ikon fara magani ba tare da jiran sa hannun likita ba, kuma kowane asibiti ya riƙa aika adadin matan da aka auna jininsu a rahotonsa na wata.